Muryar Yaya Habsa

A shekarun da Nasara suka fara zama a Filinge, akwai wata yarinya a wani ƙauye na ƙasar Kurfai. Shekarunta tara. Tana da yaya mai suna Habsa, wadda ta girme ta da shekara huɗu.

Habsa kurma ce, amma ba haka aka haife ta ba. Tana 'yar shekara shida wani zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita. Ta warke, sai dai ta daina ji. Ba ta manta da magana ba, amma muryarta ta canza. In ta ce "ina kwana", har maƙwabta sai sun amsa. Wasu kalmomin kuma sukan fito a karkace.

A wannan damina hatsi ya yi kyau ƙwarai. Yana gab da nuna sai mutanen Kumandan, Nasaran da ke mulkin Filinge, suka zo ƙauyen. Suka ɗebi maza goma zuwa aikin dole, ɗaukar duwatsu don ginin bariki. Baban yaran, Malam Kailu, yana cikinsu.

Kafin ya tafi ya kira su, ya ce, "Wata guda aka ce za mu yi. Innarku tana da goyo. Ku biyu za ku tsare gona. In tsuntsaye suka cinye hatsin ga, ba mu da abincin shekara."

Kullum da sassafe sai su tafi gona. Habsa ta hau rumfar da ke tsakiyar hatsi, ta buɗe murya. Tsuntsaye su tashi gaba ɗaya, tun daga wannan gefe har wancan. Yarinyar kuma tana zagayawa da majajjawa.

Wata rana suna komawa gida, sai suka haɗu da wata 'yar maƙwabtansu, Zainabu, da ƙawayenta. Su ma gonarsu suke tsarewa.

Zainabu ta ce wa yarinyar, "Yayarki ta cika muna kunne yau. Mun ɗauka jaki ne ya ɓace."

Kunya ta kama yarinyar. Tana so ƙawayen su so ta. Sai ta ce, "Ai ba ta san abin da take yi ba. Ko muryar kanta ba ta ji."

Ta koma bayan Habsa, ta karkace baki, ta kwaikwayi maganarta. Yara suka fashe da dariya.

Habsa ta ga fuskokinsu, sai ta waiga. Ta tarar da ƙanwarta da baki a karkace. Sai ta gyara ƙwaryar da ke kanta, ta wuce gida.

Washegari Habsa ta hau rumfa, amma ba ta buɗe baki ba. Jifa kawai take yi da ƙasa. Yarinyar ce ta dinga gudu tana ihu. Muryarta ƙarama ce. In ta kori tsuntsaye nan, sai su sauka can.

A rana ta uku muryarta ta dishe. Ko raɗa da ƙyar take yi. Tsuntsaye suka cinye gefen gabas na gonar, suka bar zangarniya fayau.

Da yamma Inna ta zo da goyonta. Ta tsaya ta daɗe tana kallon ɓarnar.

Ta ce, "Kwana uku ban ji muryar Habsa ba, ko gida ko gona. Mi ya faru?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Cikin raɗa ta faɗi duk abin da ta yi. Ta ƙara da cewa, "Na ɗauka ba za ta sani ba, Inna. Ai ba ta jin ko muryarta."

Inna ba ta daka mata tsawa ba. Ta kama hannun yarinyar, ta ɗora a kan nata maƙogwaron, ta ce, "Habsa."

Yarinyar ta ji wani abu yana rawa a ƙarƙashin yatsunta.

Inna ta ce, "Akwai kurame masu jin kaɗan. Yayarki ba ta jin komi da kunne. Wanga motsi kaɗai ya rage mata. Da shi take riƙe da maganarta shekara bakwai. Ba ta san in ta yi ƙarfi ba, ba ta san in ta yi sanyi ba, amma ba ta bari ba. Ke za ki iya?"

Yarinyar ta girgiza kai. Hawaye suka zubo mata.

Ta hau rumfa. Ta zauna daidai gaban Habsa don ta ga bakinta sosai. Ta ce a hankali, "Yaya, ki yi mini gafara. Na yi kuskure."

Habsa ta karanta maganar a leɓenta. Sai ta ce, "Muryata mummuna ce?"

"A'a, Yaya. Babba ce. Duk ƙauyen ga babu mai irinta." Sannan yarinyar ta tambaya, "Da gaske ba ki jin ta?"

Habsa ta dafa ƙirjinta. "Ina jin ta. Nan nike jin ta, kamar ana daka nesa."

A nan suka yi shawara. In suna cikin mutane muryar ta yi yawa, yarinyar za ta sauke hannu ƙasa a hankali. In kuma ana son murya, sai ta ɗaga shi sama.

Da gari ya waye tsuntsaye suka dawo, sun fi na jiya yawa. Yarinyar ta ɗaga hannuwanta biyu sama iyakar tsawonta. Habsa ta yi murmushi, ta cika ƙirji, ta saki murya. Tsuntsayen suka tashi kamar hayaƙi. Ranar ba su sami zangarniya ko ɗaya ba.

Bayan kwana biyu sai ga mahaifiyar Zainabu, da Zainabu a bayanta. Ita ma an tafi da mijinta.

Ta ce wa Inna, "Tsuntsayenku duk sun koma wurinmu. Ko Habsa za ta taimake mu?"

Yarinyar ta ce wa Zainabu, "Ki tsaya gabanta, ki roƙe ta da kanki. Kuma ki fara da ba ta haƙuri."

Zainabu ta yi haka. Habsa ta yarda. Aka kafa mata sabuwar rumfa a iyakar gonakin biyu.

Da wata ya cika, Malam Kailu ya dawo a rame, ƙafafunsa duk sun tsage. Bai shiga gida ba sai da ya leƙa gona. Ya ga hatsi tsaye, ya yi hamdala. Sannan ya ga gefen gabas.

Yarinyar ba ta jira a tambaye ta ba. Ta ce, "Baba, wancan laifina ne. Sauran duka, Yaya ce ta tsare shi da muryarta."

Malam Kailu ya juya ya fuskanci Habsa. Ya ce a hankali, yadda za ta gani, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Ke kika ciyad da mu bana."

Habsa ta ce "Amin" da ƙarfi, har na gonar maƙwabta suka amsa. Ƙanwarta ba ta sauke hannu ba.

Daga ranar yarinyar ba ta ƙara yi wa kowa dariya saboda lalurarsa ba. Ta gane cewa wanda ba ya ji da kunne yana ji da zuciya, kuma kowane mutum yana da baiwar da Allah ya ba shi.