Wandunan da Inna Ta Dafa

"Wando? Wando ne ya sa maka ciwon sanyi?"

Zahida ta ɗaga takardar gwajin aure tana kallon Mansir. Saura sati uku a ɗaura musu aure, ga shi tsaye a ƙofar gidansu a unguwar Zongo yana sosa ƙeya.

"Kin san sana'ata, Zahidata... duk dilar gwanjon da na kwance a kasuwar Missèbo sai na gwada wandunan ciki. Inna ma haka ta ce."

"Inna ta ce, ko kai ka ce wa Inna?"

Ya ƙara sosa ƙeya.

Tun safe labari ya iso mata cewa mahaifiyarsa, Hajiya Asabe, ta ɗora tukunyar biki ta dafe wandunansa kaf. Dariya ta so ƙwace mata, amma zuciyarta zafi take. Shekararta biyu tana karatun jinya a Calavi, ba ita za a yi wa wannan ba.

"Yaya Mansir, ƙwayar cuta ce, kuma ta saduwa ake ɗaukarta. Ba wando, ba bayan gida, ba ruwan randa! Allura tana kashe ta. Amma in ta shiga jikina ta ɓuya, tana iya toshe min haihuwa ban sani ba." Ta sauke takardar. "Zan iya auren mai ciwo. Maƙaryaci ne ba zan iya ba. Ka faɗa min gaskiya, ko in shiga in ce wa Baba a dakata."

Ta juya. Ya yi wuf ya tare ƙofa.

"Wata yarinya ce a unguwar Sainte-Rita... kafin in san ki. Ban taɓa jin komai a jikina ba sai da takardar nan ta fito. Na tuba ga Allah, kunyarki ce ta sa ni ƙarya."

"Tun da muka haɗu fa?"

"Ko kallo, wallahi!"

Ta daɗe tana goge hawaye da bakin mayafi. Abin ya yi mata ciwo, amma wannan muryar ta san ta, ita ce ta gaskiyarsa.

"Tare mana baburan zemi biyu. Yau za a yi maka allura. Ita ma yarinyar ka kira ta a gabana, ta je asibiti. Sannan a sake gwaji, in gani da idona."

"Allura?! Babu na haɗiya, masoyiya?"

"Ƙato da kai!"

Ihun da ya yi a ɗakin likita, har masu jiran layi sai da suka ce masa sannu.

Ana saura kwana huɗu sakamako ya fito fes. Aka ɗaura aure.

Da yamma, amarya na zaune a lulluɓe, Hajiya Asabe ta shigo ta dire mata ƙunshin sababbin wanduna shida, ɗinkin tela.

"Ga na mijinki, ya huta da gwanjo."

"To Inna..." Zahida ta sunkuyar da kai.

Tsohuwar ta matso kunnenta.

"Na san ba wando ba ne, 'yata, ni na haife shi. Da zai shiga tukunyar nan, ai da shi zan dafa!"

Zahida ta fashe da dariya cikin lulluɓi, hawaye na wanke mata kwalli.