Katin da Ya Mutu Ranar Alhamis

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Alhamis aka gane cewa katin hoton da ke cikin kwamfutar ofishin zanen gine-gine ba shi ne wanda aka saya ba. Kafin goma mai ofishin ya yi shari'a, ya yanke hukunci, ya kuma zartar da kansa: ya tura mai gyaran kwamfutar da ya saka katin cikin sito, ya datse ƙofar sandunan ƙarfe da kwaɗo.

Sai wajen ƙarfe ɗaya Sufeto ta iso. Mace ce mai jiki, gwiwarta ta dama ba ta shiri da bene, ga ofishin a hawa na uku. Matattakalar cike take da 'yan shagunan ƙasa da suka bar sana'arsu suka zo kallon ɓarawo. A ƙasan benen wata mata na tsaye riƙe da kular abinci, ba ta kallon kowa. Ita ce matar mai gyaran, ita ce kuma ta kira 'yan sanda.

Ofishin ɗaki ɗaya ne da sito. Taga ɗaya, ita ma an yi mata ragar ƙarfe. Teburin kwamfuta na jikin bango, tsohon teburin zane na mai ofis ya cinye rabin ɗakin, sai wata durowa mai faɗi ta ajiye takardun zane. Mutum uku ne a ciki: mai ofis, wata matashiya mai zane da kwamfuta da ake kira Malama, da Dogo, direba, ƙanin matar mai ofis.

"Ranki ya daɗe, aikin ya zo miki da sauƙi," in ji mai ofis. "Ɓarawon na hannu. Na ce masa ya sa hannu a takarda zai kawo wani katin sabo, in sake shi, ya ƙi."

"Wa ya ba ka izinin kulle mutum?"

"Kayana ya ci."

"Buɗe."

Ya laluba wannan aljihu, ya laluba wancan, wai makullin ya shige wani wuri. Sufeto ba ta tsaya jiransa ba, ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofar ƙarfen.

Siton bai fi kabari biyu ba. Babu taga, babu fanka. Mai gyaran, wanda duk layin ke kira Injiniya, yana tsugune tsakanin kwalaye, rigarsa ta manne da bayansa. Shekara goma sha takwas yana gyaran kwamfuta a shagon da ke ƙasan benen nan, mutane na bar masa injuna cike da sirrinsu su tafi. Ya san in ya sauka matattakalar nan da ankwa, ko kotu ta wanke shi gobe, ba mai sake bar masa ko linzamin kwamfuta. Tsoro yake ji, bai kuma ɓoye ba.

"Ni ban san kwamfuta ba," in ji Sufeto. "Yi min bayani kamar kana yi wa kakarka."

"Ranki ya daɗe, wannan kwamfutar irin wadda kamfani ke haɗawa a rufe ce. Ba ta zo da katin hoto ba, shi ya sa zanen gini ke mata nauyi. Yallaɓai ya ce in saya in saka. Ranar Litinin na zo, tun safe har la'asar ina fama."

"Saka kati ɗaya?"

"Ai masu haɗa ta ba su so a taɓa musu kaya. Cikinta a matse yake, katin ya fi gurbin tsawo, sai da na cire mazaunin faifai. Na kunna, ta mutu. Ashe akwatin wutarta ba shi da ƙarfin ɗaukar katin, na sauka na kawo babba. Na sake kunnawa, fanka na juyawa amma sikirin baƙi ƙirin. Can na tuna wayar sikirin na nan a ramin sama, na ainihin kwamfutar. In an saka kati, dole wayar ta dawo ramin ƙasa, na jikin katin. Ina mayar da ita hoto ya fito. Sai na yanki baƙin tef na liƙe ramin saman. Haka nake yi wa kowa, don kar mai shara ta cire waya ta mayar inda ba daidai ba."

"Yau fa?"

"Aka kira ni wai ta yi nauyi. Ina zuwa na ga wayar ta koma sama, tef ɗina babu. Na buɗe a gabansu, na ga kati mai kama da nawa, amma matacce ne, lambarsa ba ta jikin kwalin wanda na sayo ba ce. Ko taɓa shi ban yi ba aka shaƙe min wuya."

"Me ya sa ɓarawon zai mayar da wayar sama?"

"In ya bar ta a mataccen kati, sikirin ba zai nuna komai ba. A sama kuwa za ta kawo hoto, sai dai ta ja ƙafa kamar da."

Sufeto ta sa tabarau, ta karɓi tocilan Dogo, ta leƙa cikin kwamfutar da ke kwance a buɗe. A can ƙasa ta hango wani ɗan guntun roba da bai kai farce ba. Ta ɗauko shi da kan biro ta kai bakin sito.

Injiniya ya kalle shi, sai ya ɓata fuska kamar an taka masa ƙafa. "Wayyo, sun karya sakatar."

"Wace sakata?"

"A ƙarshen ramin da katin ke shiga akwai 'yar sakata. In kana sakawa, da kanta take kamawa. In za ka cire, sai ka danna ta da yatsa tukuna. Wanda ya cire nawa fizga ya yi da ƙarfi. Ko ranar farko ta koyo ba a yafe wa mutum wannan."

"Ranar Litinin ka cire katin a gaban wani?"

"Ban cire ba. Sau ɗaya na saka, ya zauna."

Ta rubuta wannan, ta ja layi a ƙarƙashinsa.

Malama ta biyo baya. Idanunta sun yi ja, gobe ne za a kai zanen wani asibiti, ga injin ya zama kunkuru.

"Talata da Laraba kwamfutar ta yi aiki?"

"Kamar iska, ranki ya daɗe. Zanen ginin da ke ɗaukar awa biyu kafin ya fito, kafin in sha ruwa ya fito. Jiya biyar saura na kashe ta lafiya."

"Yallaɓai ya ce jabu aka saka tun farko."

Malama ta saci kallon maigidanta, ta sunkuyar da kai. Aikin nan shi ke riƙe da ita da mahaifiyarta. Da ƙyar ta ce, "Ni dai abin da na gani na faɗa."

"Litinin kina ina?"

"Wurin awon fili, ni da Dogo. Sai bayan la'asar muka dawo, an riga an rufe ta."

"Kina da makullin ofis?"

"A'a. Biyu ne, na Yallaɓai da na Dogo."

Dogo bai jira a tambaye shi ba. "Wallahi Hajiya ni ko rediyon mota in ya lalace duka nake yi masa. Jiya biyar na rufe, na kai yara gida, Yaya shaida ce." Sufeto ta nuna masa bayan kwamfutar ta ce ya nuna mata wayar sikirin. Ya yi nazari mai zurfi, ya kama wayar firinta. Ta ce ya koma ya zauna.

Saura mai ofis. Ya gyara zaman hula, ya riga ta magana.

"Ranki ya daɗe, ni fa na masu fensir da rula ne. Shekara talatin a kan wancan teburin. Ban taɓa sa hannu cikin injin nan ba."

"Amma ka ga lokacin da ake sakawa?"

"Gani? Ai ban matsa ba ko nan da ƙofa! Na san halin masu gyara, in ka juya baya sai su cire maka hanji. A kansa na tsaya tun safe har ya ɗaure noti na ƙarshe."

"Madalla. Jiya bayan an tashi ka dawo?"

"Me zai dawo da ni?"

Zafi ya ishi Sufeto, ɗakin kamar ana matso da bangonsa. Ta miƙe don ta motsa gwiwa, ta dafa tsohon teburin zanen. Wani abu ya manne mata a tafin hannu. Ta duba. Gefen teburin jere yake da guntayen farin tef na takarda, ɗaruruwa, wani kan wani, wasu har sun yi ruwan ƙasa don tsufa.

"Wannan fa na mene ne?"

Mai ofis ya yi murmushi, an zo fagensa. "Da shi muke kafe takarda a kan teburi. In ka gama zane ka ɓare, sai ka manna a gefe, gobe ya sake amfani. Haka aka koya mana. Mu ba ma yar da tef. Yaran yanzu ina suka san wannan."

"Malama, kina amfani da teburin nan?"

"Ba ya bari ko jaka a ɗora a kai."

Sufeto ta bi jerin da yatsa a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a cikin hatsi. Kusa da kusurwar da ta fi kusa da kwamfutar yatsan ya tsaya. A tsakiyar fararen akwai guda ɗaya baƙi, sabo, an yanke shi da almakashi daidai wa daida. Ta ɓare shi, ta ɗora a ramin saman kwamfutar. Ya rufe shi ruf.

"Injiniya, naka ne?"

Ya manna fuska a jikin ƙarfen. "Nawa ne. Kusurwa ɗaya nake naɗewa don ya yi sauƙin ɓarewa. Duba ki gani."

Kusurwar a naɗe take.

"Wannan ai sharri ne!" Mai ofis ya daki teburi. "A ofishina? Kin san ko ni wane ne? Kowa zai iya manna shi a nan!" Tabarmar kunya dai da hauka akan naɗe ta, shi kuwa ya naɗe har ya haɗa da ta maƙwabta.

Sufeto ta bar shi sai da numfashinsa ya ƙare.

"Zauna, Yallaɓai, in gaya maka yadda na gani. Katin gaske ya yi aiki kwana biyu, saboda haka Injiniya ya saka shi. Ba shi da makullin da zai dawo ya ɗauke, kuma da shi ne, da bai karya sakata ba. Wanda ya yi aikin nan ya san noti, ya san wayar wuta, ya san in aka mayar da wayar sikirin sama hoto zai fito. Abu ɗaya ne bai sani ba, yadda ake cirewa. Wato ya kalli sakawa daga farko har ƙarshe, bai taɓa kallon cirewa ba. Malama da Dogo suna wurin awo. Kai da bakinka ka ce ba ka matsa ba ko nan da ƙofa."

Ta ɗaga baƙin tef ɗin a kan yatsa.

"Wani ɓarawon da ya ɓare wannan, ƙasa zai yar ko ya cusa a aljihu. Kai hannunka ne ya yi abin da ya saba shekara talatin, ba tare da ya yi shawara da kai ba. Hali zanen dutse."

Dogo ya yi tari. "Hajiya, jiya da rana na kai shi layin masu tsofaffin kayan kwamfuta. Ya ce in jira a mota."

"Dogo!" Mai ofis ya daka masa tsawa.

"Yaya za ta kashe ni, na sani. Amma Injiniya tun safe ko ruwa bai sha ba."

Durowar takardun a kulle take. Da Sufeto ta sa mai ofis ya juye aljihunsa a kan teburi, makullinta ya faɗo tare da na kwaɗon da ya ɓace. A aljihun durowa na uku, ƙarƙashin tsofaffin zanuka, ga katin an naɗe shi da tawul. Malama ta karanta lambarsa, Sufeto na bin ta kwalin. Ba su saɓa ko a harafi ɗaya ba.

Dalilin ma bai kai a ɓata wa mutum suna ba. Injiniya kan ba da tabbacin wata guda, in kaya ya mutu ya canza. Mai ofis ya lissafa cewa da ɗan tsoratarwa zai samu kati na biyu, ya kai wannan gida ya saka a kwamfutar ɗansa. Bai lissafa cewa mutumin zai gwammace zaman sito da sa hannu a kan ƙarya ba.

Sufeto ta buɗe kwaɗon da kanta. Injiniya ya yunƙura, ƙafafunsa suka ƙi, sai da Dogo ya kama shi. Mai ofis ya matso, murya ta yi laushi. "Injiniya, mu kashe maganar nan a ɗakin nan. Mu da muke tare shekara da shekaru. Me kake so?"

Injiniya ya dubi ƙofar fita. Ta bayanta ana jin hayaniyar mutanen da suka yini a matattakala.

"A ɗakin nan ka kira ni ɓarawo?" ya tambaya. "Ta taga ka leƙa ka faɗa. Har matata ta ji."

Ya juya ga Malama. "Ki yi haƙuri, in ranki ya daɗe ta gama da katin zan zo in mayar miki, zanenki ba zai kwana ba. Sakatar ce dai ba ta gyaruwa, sai na ɗaure shi."

Sufeto ta buɗe ƙofar gaba ɗaya. Hayaniyar ta ɗauke. Ta sa mai ofis a gaba, hannunta a kan kafaɗarsa, katin naɗe cikin tawul a hammatarta, suka fara sauka a hankali saboda gwiwa. Hakan ya ba kowane hawa damar kallo da kyau.

Injiniya ne ya sauko a ƙarshe, hannuwansa a sake, jakar kayan aikinsa a rataye. Mutane suka dare masa hanya, waɗanda suka fi ɗaga murya da safe su ne suka fi sunkuyar da kai. A ƙasan benen matarsa na jiransa. Ta miƙa masa kular, ta ciro makullin shagon daga jakarta, ta buɗe ƙofar har bango.