Ajin da ke Kusa da Janareta

Malama na durƙushe a ƙasa riƙe da hannun Auta, ƙaramin ɗalibinta, don kada ya sake cizon kansa, sauran yaran kuwa sun toshe kunnuwa suna ta kuka. Faransanci take koya wa yara masu lalurar galahanga, waɗanda ba sa haɗa ido da mutum, ba sa jure hayaniya. Da hotuna da waƙa a hankali ta samu suka fara cewa ruwa, kujera, sannu. Sai ga shi shugabar makarantar, yayar marigayi mijinta, ta mayar da ajin wani ɗakin ajiya da ke manne da janareta, don Malama ta kasa, saboda 'yarta take so ta ba aikin.

Malama ta je ofis ta roƙe ta, hawaye na zuba. "Yaya, ki dubi Allah. Ni ki yi min duk abin da kika ga dama, amma ƙarar nan azaba ce gare su."

Shugaba ko ɗago kai ba ta yi ba. Kalmomin da yaran suka koya suka zube ɗaya bayan ɗaya, Auta ya daina magana gaba ɗaya. Da iyaye suka ga tabon haƙora a hannuwan 'ya'yansu, sai shugaba ta ce Malama ce ke dukansu. Wa zai wanke ta, alhali shaidunta ba sa iya ba da labari? Malama ta koma gida ta ɗaga hannu sama... kuka ya hana ta addu'ar ma.

Aka tara iyaye don a kore ta a gabansu. Malama na tsaye, kanta a sunkuye, sai wata ɗalibarta mai maimaita duk abin da ta ji ta buɗe baki, da muryar shugaba sak: "Kunna injin, ko da akwai wuta! Su yi ta ihu har a kore ta."

Ta faɗa, ta sake faɗa. Mai gadi ya rushe da kuka, ya ce shi aka ba umarnin. A ranar, mai makarantar ya sallami shugaba, ta fita tana rufe fuska da mayafi.

Mahaifiyar Auta ta durƙusa. "Malama, ki yafe mana."

Malama ta ɗaga ta, ta share hawaye, ta ce a taya ta kwaso kujerun yaran daga ɗakin ajiyar kafin a tashi.