Ranar da Aka Fitar da Gadon Tilo

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da suka gama fitar da gadon. Tsohon gadon ƙarfe ne, wanda 'yarsu ta kwana a kai tun tana ƙarama har makon da ta tafi jami'a. Ita kaɗai Allah ya ba su, shi ya sa kowa ke ce mata Tilo. Uwarta tela ce, ta daɗe tana ɗinki a lungun falo, zare yana faɗa wa mutane a abinci, baƙi suna zama kan allura. Da ɗakin ya zama babu kowa, sai ta ce za ta mayar da keken ɗinkinta ciki.

Mijinta direban babbar mota ne, ƙato mai sanyin hali, wanda ko kaza ba ya iya yankawa. Shi ya saɓi gadon ya jingine shi a bayan gida.

"Maman Tilo, ko katifar ba ta huce ba kin kori yarinya," in ji shi, yana dariya.

"Wa ya kore ta? In ta zo hutu ta kwana kan yadin mutane."

Ta zauna gwada keken. Hasken taga ya yi ja, sannan ya dushe. Wani sanyi ya taso daga wurin da gadon yake a da, ya bi ƙafafunta. Ta ɗage ƙafa za ta tashi ta kunna fitila, amma keken bai tsaya ba. Ya ci gaba da gudu, yana ƙara sauri. Ta ji an riƙe wuyan hannunta da ƙarfi, an tura yatsanta ƙarƙashin allura. Allurar ta huda farce ta fito ta ƙasa.

Ihunta ne ya shigo da mijin. Yana taka bakin ƙofa, almakashi ya tashi daga kan tebur ya kafe a jikin katako, dab da kunnensa.

Daga ranar, magariba ta daina zuwa wa gidan lafiya. Da zarar duhu ya fara sauka, sai duwatsu su yi ta zuba kan kwano, a fita a duba ba a ga ko tsakuwa ba. Kayan da mutane suka kawo ɗinki, an tsinci rabinsu a yayyage, kamar an sa haƙori. Wani yammacin suka ji ana jan ƙarfe a ƙasa, a hankali, daga bayan gida. Da suka leƙa, ga gadon a tsaye a ƙofar ɗakin. A ciki kuma wata tsohuwa ce ke kuka ƙasa ƙasa, irin kukan wadda ta gaji da yi.

Tilo kan kira a waya, uwar ta ce mata kowa lafiya, ta dai kula da karatu.

Baban Tilo ya ce a haƙura da ɗakin, zai fito da keken ya sa kwaɗo. Matarsa ta roƙe shi ya bari sai da safe, ya ce abin da zai ɗauke shi minti ɗaya ba zai kwana ba. Ya shiga. Ƙofar ta rufe.

Sai keken ya fito ta taga, da gilashin da ƙarfen gaba ɗaya. Ƙofar ta ɓalle daga jikin bango. Mutumin da ya fito jikin mijinta ne, amma a duƙe yake tafiya, yana jan ƙafa. Ya damƙi gashinta ya buga kanta da bango, ya sake bugawa.

"Ina kika kai min ita?"

Muryar tsohuwa ce ta fito daga bakinsa.

Maƙwabta suka ɓalle ƙofar gida. Wani mai walda a cikinsu ne ya fara riƙe shi, Baban Tilo ya murɗe masa hannu har aka ji ƙarar kashi. Wani ya rasa haƙoran gaba. Sai da maza suka taru a kansa kafin aka ɗaure shi da igiyar da yake ɗaure kaya a mota. Aka je aka zo da Malam, wani dattijo siriri da ke koyar da karatu a bayan layinsu.

Malam ya zauna kusa da kansa, ya fara karatu a kan ruwa cikin kofi. Bai ɗaga murya ba. Jikin direban ya riƙa bankarewa, igiyar tana cin fata, jini yana tsattsafowa. Can hannu ɗaya ya zame, ya cafki maƙogwaron Malam. Idanun dattijon suka fito, amma leɓɓansa ba su daina motsi ba. Ya watsa masa ruwan a fuska. Aka ƙwalla ƙara, hannun ya saki.

"Wace ce ke?" Malam ya tambaya, yana tari.

"Na riga tubalin gidan nan zama a nan."

"Me bawan Allah nan ya yi miki?"

"Shi ya ɗauki gadon." Idanun suka juya kan Maman Tilo, wadda ke zaune jini na bin goshinta. "Ke kuma kika share wurin har da waƙa. Ni na raine ta tare da ke. Ku dawo min da yarinyata."

"Ba taki ba ce," in ji Malam. "Ke jinsinki daban, ita nata daban. Kin zubar da jinin mutane a kan abin da ba hakkinki ba. Ba ki tsoron Allah?"

"To a faɗa min inda take, in bi ta. In ba haka ba zan fita, amma ta idonsa zan fita."

Nan take idon direban na hagu ya fara kumbura, ya yi jajir. Wata maƙwabciya ta fashe da kuka tana cewa, "Ki faɗa mata mana, za ta makantar da shi!"

Maman Tilo ta dubi mijinta.

"Ba zan faɗa ba. Shi ma da yana ji ba zai yarda ba. Yarinyar nan ta tafi neman abin kanta. Kina tsammani ke kaɗai kika yi kuka? Ni na haife ta, kuma na bar ta ta tafi."

Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Tsohuwar ta yi ihu, ta yi zagi, ta yi roƙo, har muryar ta dushe.

"Tsaya, Malam, ka ƙona ni. Zan tafi. A bar ni in ji muryarta kawai, sau ɗaya."

Malam ya ce, "Ki rantse da wanda ya halicce ki ba za ki neme ta ba, ba za ki dawo ba, kuma ta ɗan yatsan ƙafa za ki fita." Ta rantse.

Da hannu mai bandeji Maman Tilo ta danna lambar 'yarta a waya.

"Mama? Ya gida? Wallahi yanzu nake tunaninki, mun fito daga..."

Uwar ta kashe wayar.

Hawaye suka gangaro daga idanun ƙaton nan. Ƙafarsa ta hagu ta yi rawa, ɗan yatsan ya miƙe, ya saki. Sanyin da ke gidan ya yaye. Baban Tilo ya buɗe ido, ya ga igiya, ya ga goshin matarsa, ya tambayi wanda ya yi mata haka.

Idon ya warke, ko da yake ba ya gani da shi sosai. Aka gyara keken, ɗakin ya zama na ɗinki.

Da Tilo ta zo hutu, aka shimfiɗa mata katifa a gefen tebur. Da safe ta fito idanunta a kumbure, ta zauna kusa da uwarta.

"Mama, ban yi barci ba. Ina ta jiran ki shigo ki shafa min kai kamar yadda kika saba tun ina ƙarama. Ko don na girma ne kika daina?"

Maman Tilo ba ta taɓa shiga ɗakin nan bayan yarinyar ta kwanta ba. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta, ta jawo kan 'yarta ta ɗora a cinya.

"Kwanta," ta ce. "Ga ni."