Tabon Bayan Kunnen Sarki

"Kar ka taɓa fuskar!"

Ba mai gida ne ya yi wannan tsawar ba. Mai gida, Apek Yeoh, yana ɗaure a kujera da igiyar shanya. Ɗan fashi ne ya daka wa ogansa tsawa a tsakiyar aiki.

Ogan, Abang Lokman, ya tsaya cak, bindiga a dama, hannun hagu cikin akwatin sulalla. Ya juyo ya dubi Shukor, mai tsawar, kamar bai taɓa ganinsa ba.

Da rana tsaka ne, George Town na ta gumi. Ta ƙofar baya suka shigo, suka kulle mai aiki a banɗaki. Direbansu, Muniandy, yana waje cikin mota, inji a kunne. Aikin shiga a fita ne: a juye akwati a buhu, a arce. Sai ga Shukor ya zaro farar safar hannu daga aljihu ya sa. Yana ɗaukar sulallan ɗaya bayan ɗaya, ta gefe, yana zura kowanne a 'yar takardarsa.

"Kai, fashi muka zo ko wankan jariri?" in ji Lokman.

"Abang, in suka gogi juna mun yi asara."

Can ya jawo 'yar durowar ƙasa. Dalar azurfa ce guda ɗaya, ta zamanin Turawa, da kan sarkinsu a kai, tsufa ya sa mata wani shuɗi-shuɗi a baki. Shukor ya ciro gilashin dubawa ya kafa a ido.

"Apek, ita ce?"

"Ita ce," in ji tsohon. "Sittin da biyar."

"Sittin da uku."

Tsohon da aka kafa wa bindiga a kunne sai ya zaburo har kujera ta motsa. Ya ce wane jahili ne ya koya masa duba? Shukor ya ce akwai tabo a bayan kunnen sarki. Tsohon ya ce ba tabo ba ne, haka ta fito daga gidan bugu, duk mai ido ya sani. Shukor ya ce ya zo ya duba da kansa, har ya fara laluben kullin igiyar—

Tau! Lokman ya harba a silin. Farar ƙasa ta zubo. Kare ya ɗau haushi, maƙwabta suka fara leƙe. Suka kwasa a guje, Muniandy ya taka mai, mota ta shige lungu.

To, bari in koma baya kaɗan. Ni kofi nake sayarwa a bakin kasuwar tsofaffin kaya ta Lorong Kulit, kuma a teburina na ƙurya tsofaffin masu tara sulalla suke zama. Su sayi kofi ɗaya su kwashe safiya suna musu, ni kuwa ina jin komai ko ban so ba. A wajensu kowane sule yana da maki, daga ɗaya zuwa saba'in. Akwai masu ba da makin a ƙasar waje: su duba, su rubuta lamba, su liƙe sulen a gidan roba. Maki ɗaya tak kan iya ninka farashi. Saboda maki ɗaya na ga aminai sun daina gaisawa.

Su Lokman kuwa sun taɓa shan kunya. Sun fasa wani kanti suka yi ta nishi da buhun da suka zaci zinare ne, ashe tagullar nan ce mai rami a tsakiya da ake ɗaurewa da jan zare a rataye a ƙofa don sa'a. Garin nan kaf ya yi musu dariya. Shi ne Lokman ya rantse ba zai ƙara sata da jahilci ba, ya turo Shukor ya koyi duba. Shukor ɗin da ban da hawa katanga bai iya komai ba.

Ya zo, ya zauna a gefe, yana saya musu kofi. Tsofaffi da ma neman mai saurare suke. Da farko kunne kawai ya kawo. Daga baya na ga ya sayi gilashi. Daga baya na ji shi yana musu da su, jijiyar wuya a tashe. Na ce a raina, wannan kam ya kamu. A teburin nan ya ji cewa 'yar Apek Yeoh ta shawo kan ubanta zai sayar da abin da ya tara duk tsawon rayuwarsa a gwanjon Singapore, amma sai an fara kai su a ba su maki. Apek ba ya zuwa kasuwa, ƙafa ta hana shi, sai dai ba ranar da ba a ambaci dalarsa.

Sufeto Hamidah ce aka ba binciken, mace mai ƙarancin magana da yawan kallo. Ta tambayi tsohon tsawon ɓarayin, muryarsu, kayan jikinsu. Bai riƙe ko ɗaya ba. Abin da yake ta maimaitawa kawai, wai ƙaramin cikinsu marar kunya ne, ya ce sittin da uku. Ta tambaya yaya ya riƙe dalar. Tsohon ya amsa da ƙyar cewa ta gefe ya riƙe, da safa, yadda ya kamata.

Washegari ta zo ta zauna a teburin ƙurya. Ni na ce mata kofi nake sayarwa, ba mutane ba. Ban ma sha wahala ba, tsofaffin suka yi ta rige-rigen ba ta labarin ɗalibinsu, kowa yana cewa shi ya koya masa. Ta samu suna, ba ta samu mutum ba. Sai ta bi dillalai kanti-kanti tana raba musu hotunan sulallan.

Su kuwa suna wata bukka a gonar durian, wani ɗan itace mai ƙaya da wari, can Balik Pulau, sauro na cin su. Dillalin da ya yi alkawarin saye ya zo, ya buɗe takarda ɗaya, ya mayar, ya goge hannu a wando. Ya ce daga Bangkok har Singapore ba mai tara sulallan da bai san fuskar waɗannan ba. Ba maki, ba mai saye da daraja. A kai su neman maki kuwa, ankwa ce. Ya hau babur ɗinsa ko sallama babu.

Lokman ya zagi dillalin, ya zagi tsohon, ya zagi ranar da ya tura Shukor makaranta. Sannan ya yanke: a narka. Ya san wani maƙerin zinare a ƙetaren gada wanda ba ya tambaya. Dunƙulen zinare ba shi da fuska.

Shukor ya ji kamar an ce za a yanka uwarsa. Ya roƙa, ya yi bayani, ya ce ko za a narka sauran a bar dalar. Ita kaɗai a gwanjo za ta sayi gida, in aka narka ta kuwa da ƙyar ta sayi shinkafar nasi kandar faranti kaɗan.

"Shinkafar zan iya ci a waje," in ji Lokman. "Gidan naka a kurkuku zan zauna ina tunaninsa. Duka za a narka. Ba na barin abin da zai nuna ni."

Muniandy yana gefe yana ɓare durian da adda. Shi ba ruwansa da sarki ko kunnensa. Tasi yake so ya saya, tasa ta kansa, ya daina wannan harkar kafin matarsa ta gane ba kayan lambu yake dakonsu ba. Ya ce da Shukor, "Ɗan'uwa, ƙarfe ne fa. Ci durian."

Ranar da za su tafi, da hantsi, Shukor ya ce zai zaga. Ya shiga cikin itatuwa ya kunna waya. Ba 'yan sanda ya kira ba, wallahi ko a ransa bai ɗauka cin amana yake yi ba. Lambar gidan da ya yi wa fashi ya buga.

"Apek, ni ne. Za su narka ta."

Sai ya ji tsohon yana numfashi sama-sama.

"A ina?"

Shukor ya san in ya faɗa, shi ke nan. Rabonsa, 'yancinsa, mutum biyun da ya ci abinci kwano ɗaya da su. Ya faɗi sunan titin da launin ƙofar. Tsohon kuwa ya kira Sufeto.

Shagon maƙerin ɗan ƙuƙut ne, bayan wani garejin babura. Wutar gas na huci. Maƙerin ya ce zinare za a fara. Lokman yana yage takardu yana watsa sulallan a kasko da hannu, kamar mai zuba gyaɗa. Shukor yana kallo kawunan sarakuna suna laushi, suna lotsawa, suna zama ruwa. Ya dubi ƙofa. Ba kowa. Sufeto tana kan gada, cunkoso ya riƙe ta, wata motar kaji ta kife.

Ya yi ta jan lokaci. Ya ce a auna, ya ce a sake aunawa, ya ce ma'aunin maƙerin na cuta. Zinare ya ƙare. Aka ɗora kaskon azurfa.

"Kawo ta," in ji Lokman.

Dalar tana hannun Shukor, cikin takardarta.

"Abang, bari ta zama ta ƙarshe."

"Ita ce ta farko. Kawo."

Sai jiniya. Daga nesa, tana matsowa. Lokman ya dubi ƙofa, ya dubi Shukor, ya ga yaron bai firgita ba. Nan ya gane.

"Kai? Saboda kwabo?"

"Ba kwabo ba ce, Abang—"

Tau! Harsashi ya shiga ƙugun Shukor. Maƙeri ya faɗa ƙarƙashin tebur, kasko ya kife, wuta ta kama labule! Lokman ya cafe dunƙulen zinare da tsumma, ya fita a guje, ya faɗa mota. "Taka!" Muniandy ya taka—motar 'yan sanda ta tare bakin lungu—ya ja baya—wata ta tare bayan! Lokman ya leƙo ta taga ya buɗe wuta. Suka mayar masa. Gilashi ya tarwatse, mota ta daki magudana ta tsaya, ham ɗinta na ta ƙara ba ƙaƙƙautawa.

Kan Muniandy ne a kan sitiyari. Lokman ko ƙwarzane bai yi ba, ya fito hannu sama, zinaren ya ƙone masa tafi.

Sufeto Hamidah ta shiga shagon cikin hayaƙi. Ta tarar da Shukor kwance cikin jini, hannu ɗaya a miƙe sama, ya hana takardar taɓa ƙasa. Ta sunkuya za ta karɓa.

"Ta gefe, ranki ya daɗe," in ji shi. "Don Allah riƙe ta ta gefe."

Ga abin da aka tashi da shi. Lokman zai tsufa a kurkuku. Shukor ya samu shekaru masu yawa da ƙafar da ba za ta ƙara hawa katanga ba. Zinaren da Apek Yeoh ya tara tun yana saurayi ya zama dunƙule ɗaya mai kama da ƙullin kwaɓaɓɓiyar fulawa, aka sayar a kan ma'auni. Muniandy aka ƙone gawarsa yadda mutanensu suke yi, aka zuba tokar a teku.

Dalar kuwa, da aka gama shari'a, ta tafi wajen masu ba da maki. Ranar da amsa ta zo Apek bai faɗa wa kowa a gida ba. Ya sa 'yarsa ta tura shi a keken guragu har gidan yari, ita tana ta faɗa a hanya. Aka kawo Shukor da sanda, gilashi a tsakaninsu.

"Sittin da huɗu," in ji tsohon.

Shukor ya ɓata rai. Ya ce ba su duba bayan kunne ba. Tsohon ya ce sun duba, shi ya sa suka cuce shi maki ɗaya, makafin banza. Suka haɗu suka zagi masu ba da maki tas, sannan suka koma musunsu har gandiroba ya ce lokaci ya yi. Daga baya, a wata ziyarar, Shukor ya tambaya wa ya saye ta. Wani ne daga ƙasar waje, ta waya. Mai sayen bai taɓa ganinta da ido ba, daga wajen gwanjo aka wuce da ita ma'ajiyar banki.

A teburina har yau ba a gama ba. Rabi suna bayan Apek, rabi suna bayan ɗalibinsu, suna ma alfahari da shi, marasa kunya.

Wata safiya wata mata ta zo da ƙaramar 'ya a hannu, ta tsaya nesa da teburin tana sauraron musun. Matar Muniandy ce. An ce mata a nan abin ya faro. Ba faɗa ta zo yi ba. Ta ce ita dai tana so ta san mene ne wannan abin da mijinta ya mutu a kansa.

Wani tsoho, da zuciya ɗaya, ya ce mata ai ta samu sittin da huɗu.

Ta dube shi, ta dube ni.

"Sittin da huɗun me?"

Na jawo mata kujera na zuba mata kofi.