Ɓera Na Arba'in da Bakwai

Ranar kasuwar Talata Mafara, a shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori, wani dogon saurayi mai tabarau ya jingine kekensa gaban tiren ƙuli-ƙulin Baturiya, ya ce a juye masa duka.

Talata ta huɗu ke nan yana haka. Baturiya ta ɗaga kai ta dube shi. Siriri ne kamar karan dawa, babu alamar ƙulin yana ratsa jikinsa.

"Malam, wai iyalinka nawa ne?"

"Ɗari biyu da 'yan kai," in ji shi, yana gyara tabarau. "Ɓeraye ne. Na gwada ƙulin mutum biyar a kasuwar nan, naki kaɗai ke sa su shiga tarko."

A ransa yabo ya yi. Maza da yawa sun rasa aure kan maganar da ba ta kai wannan muni ba.

"To Allah ya sa su gode," ta ce, ta kau da kai don kada ya ga dariyarta.

Sunansa Nasidi, mutumin Bakura, ɗalibin jami'a a Zariya. Bincike yake yi kan ɓerayen da ke zaune cikin ciyawar gamba. Aikin nasa kuwa ba ya faɗuwa a gaban manya. Zai kama ɓera da ransa, ya auna shi, ya shafa masa shuni a ciki, ya yi masa 'yar tsaga a kunne, ya rubuta lambarsa a littafi, sannan ya sake shi. In ya sake kama shi, sai ya san inda ya je da yadda ya ƙaru.

Talata ta biyar, ya warware takardar ƙuli ya tarar da rubutu, don Baturiya ta gama firamare a Maradun.

"Sarkin Ɓeraye, na zuba barkono a na yau. In talakawanka sun ƙi, ka ci da kanka ko ka yi kumari."

Kwana uku ya yi yana rubuta amsa, ya yaga takarda tara.

"Turai, sun ƙi. Na cinye. Har yanzu bakina yana zafi, kuma ban taɓa jin daɗin wahala irin wannan ba. Kullum ina ƙirga kwanaki zuwa Talata."

Haka suka yi wata biyar, ƙuli yana tafiya Bakura, takarda tana dawowa.

Mahaifinta, Malam Ɗan Asabe, yana cikin waɗanda ruwan dam ya rufe wa gona. An tashe su zuwa sabon matsuguni kusa da Maradun, inda ko inuwar kirki babu. Abin da ya rage masa rumbun dawa guda ne, a cikinsa abincin gida yake, a cikinsa irin shuka yake. Ɓeraye kuwa sun sa rumbun gaba.

Akwai kuma Gwadabe, direban katafila a wurin aikin dam, mai babur da agogo, wanda ya daɗe yana kai gaisuwa gidan. Wata safiya ya taya Malam kashe ɓera a gindin rumbu. Ya ɗaga shi ta wutsiya, ya juya cikinsa.

"Baba, ka ga shuni? Na ɗan bokon nan ne mai neman Baturiya. Shi ke kiwonsu yana saki."

Ranar nan aka hana Baturiya kasuwa. Mahaifiyarta, Inna Kaltumi, ta karɓi tiren, ita kuma ta kai wa Nasidi saƙon maigida: duk ɓeran da ya kama daga yau ya kashe shi, in ba haka ba kada ya ƙara taka ƙofar gidan.

Nasidi ya koma ɗakinsa ya zauna gaban littafi. In ya kashe su, aikin shekara biyu ya tashi a banza, don ba a bin sawun mataccen ɓera. In ya ƙi, babu Turai. Mako bakwai yana juya maganar, bai ga ƙofa ba. Ramewa ma ta gagara, don babu abin da zai rame.

Ita ma tana can tsakanin ɗaki da murhu, tana jin ƙarar babur ɗin Gwadabe kowace la'asar.

Inna Kaltumi ba ta karatun boko, amma ta san ba kowace takarda ce ta naɗe ƙuli kawai ba. Talata ta takwas ta miƙa wa Nasidi ƙunshi, tana kallon wani wuri.

"Sarkina, kafin a yar da ɓeran na duba shi. Tsaga biyu a kunnen hagu, ɗaya a dama. Duba littafinka. Jibi Baba zai tafi Janbako. Ka zo ka ga rumbun da idonka, Inna ta yarda. In ka bari aka ba ni mai babur, ban yafe ba."

Ya zo da hantsi, riƙe da littafi da tocila. Ya hau tsani, ya ɗage jinkar rumbun, ya dira ciki ta baki. Sai da ƙafarsa ta taɓa dawa ya lura hatsin ya yi ƙasa ƙwarai, bakin rumbun ya fi ƙarfin hannunsa. Mutumin da ya shekara biyu yana nazarin yadda ake shiga wuri a kasa fita, ya manta da igiya.

Yana cikin haska rami a gindin rumbun ya ji ƙarar babur. Motar Janbako ta kafe a hanya, Gwadabe ya ɗauko Malam ya dawo da shi.

Haske ya dushe. Nasidi ya ɗaga kai, ya ga fuskar Malam Ɗan Asabe ta cika bakin rumbu.

"Salamu alaikum, Baba. An wuni lafiya? Ya gida? Ya hanya?"

"Lafiya lau. Ya aiki? Ya mutanen Bakura?" Sai da suka kai gaisuwa ƙarshenta, sannan Malam ya ce, "Na ga ƙanana, yau ga babban. Wa ya ba ka izinin shiga rumbuna?"

"Ni ce," in ji Inna daga tsakar gida.

Malam ya yi kamar bai ji ba. Daga ƙasa Gwadabe, wanda ke riƙe da tsani, ya ce a mayar da jinka a rufe.

"Baba, kafin a rufe, ka bari in karanta maka labarin ɓeran da kuka kashe."

"Kusu ma labari gare shi?" in ji Malam, don a bakinsa ɓera kusu ne, ɓeraye kuwa kusa.

Nasidi ya buɗe littafi. "Shi ne na arba'in da bakwai. Cikin gambar da ke bayan tsohuwar fadama na fara kama shi, mil uku daga nan. Sau tara ina kama shi, bai taɓa yin nisan taki hamsin daga raminsa ba. Ba ɓeran rumbu ba ne, 'ya'yan ciyawa yake ci. Sai watan da katafila ta kankare gambar. Daga ranar ban ƙara ganinsa ba."

"Katafilar wa?"

Tsani ya ɗan girgiza. "Aiki aka sa ni, Baba," in ji Gwadabe.

Malam ya sake leƙa cikin rumbun. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"Ashe shi ma tashinsa anka yi."

"Shi da dubbai, Baba. Ko ban shafa musu shuni ba za su zo. Shunin dai ya nuna daga ina. Kuma rumbun nan a ƙasa yake zaune, ga ramukan da suka biyo."

"Na sani. Rumbuna na can bisa duwatsun da kakana ya aza yake. Suna ƙarƙashin ruwa. Wannan cikin kwana shida muka gina shi." Ya share gemu. "To, mai kusa, za ka daina sakinsu?"

Nasidi ya dubi bango ta ko'ina, babu ko tsaga.

"A'a, Baba. In na daina, babu wanda zai san inda na gaba za su nufa. Amma ka ba ni rumbun nan, in tsare maka shi."

A tsakar gida Baturiya ta dafe ƙirji.

"Taurin kai gare ka," in ji Malam. "In dawar ga ta ga ruwan shuka, ka turo magabatanka. In ba ta gani ba, kai da kusanka ku nemi wani gari."

"Na gode, Baba. A taimake ni da igiya?"

"Bari in yi azahar tukuna."

Wata biyar ya rage damina. Nasidi ya yi ta jigilar duwatsu a keke har aka gina sabon rumbu bisa ƙafafu, kowace ƙafa da kwano mai santsi a wuyanta. Ya sa aka share taki goma kewaye da shi. Ya roƙi a bar mujiyar da ke kwana kan tsamiya don tana cin ɓera, Malam ya ce in dai ta yi kuka kan ɗakinsa, yarjejeniya ta tashi. Magana da Baturiya kuwa ba a yarda ba tukuna, sai ta bakin ƙuli.

"Sarkina, kullum da safe ina zagaya rumbun ina duba sawu. Ban ga ko ɗaya ba. Ni da mujiya mun zama ƙawaye. Ka ci abinci."

"Turai, ban taɓa roƙon ruwa irin na bana ba, alhali ko kunya ɗaya ta gona ba ni da ita."

Gwadabe ya ga yarinyar ta fi son kallon gindin rumbu da kallon agogonsa, ya karkata babur wani gida.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, Malam ya hau tsani da kansa. Ya cusa hannu, ya ɗebo dawa, ya shinshina, ya watsa a faifai yana neman kashin ɓera. Ya daɗe yana nema, kamar mai fatan samu.

"Kaltumi," ya ce, "aika a gaya wa mai kusa ya turo."

Bayan Sallar layya aka ɗaura aure, aka tuƙa tuwo da ragowar dawar rumbun. Malam ya kama hannun ango ya ce, "Ga ɗiyata. Wannan in ka kama, ba a saki. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya cika muku rumbu, ya ba ku zuriya mai albarka." Jama'a suka amsa da amin.

Nasidi ya zama farfesa daga baya. Ɗalibansa sun bazu jami'o'i suna bin ɓeraye da littafi, suna koya wa manoma su bar layin gamba can nesa da rumbu, don mai gida ba ya shiga gidan wani. Duk wanda ya rubuta wani abu kan ɓerayen ciyawa sai ya ambaci na arba'in da bakwai. Surukinsa dai har ya bar duniya mai kusa yake ce masa.

Hajiya Baturiya har yau tana soya ƙuli iri biyu, marar barkono na ɗalibai su kai daji, mai barkono na maigida. Shekara arba'in yana ci, bai yi kumari ba, kuma bai taɓa neman igiya ba.