Wa Ya Taɓa Miki Baki?

"Ba zan goge ba."

Dogo ya dafa teburinta da hannu bibbiyu, ya sunkuyo. "Me kika ce?"

"Na ce ba zan goge ba! Ko sai na rubuta maka a allo, malam?"

Saura wata biyu aurensu. Shekara huɗu yana kiranta Gimbiya, amma yau tun da ya shigo ofishin bai faɗa ba ko sau ɗaya.

Aikinta a sashen bincike na asibiti shi ne bin diddigin ciwon ƙyauren zuciya, ɗan marfin nan da ke buɗewa jini ya wuce ya sake rufewa. Asibitoci tara take zagawa. Duk wanda ƙwayar cuta ta kama masa wannan ƙyaure, sai ta ɗiga masa jan biro a taswirar da ke bangon ofishinta. Ɗigon a warwatse suke, nan ɗaya can biyu. Amma a unguwar bayan tasha sun taru har talatin da ɗaya, kamar an yayyafa jini.

Wata shida tana neman dalili. Takardar tambayoyin cewa take: "Kin je wurin likitan haƙori?" Kowa sai ya ce a'a. Rannan wata tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya a kan gadon asibiti.

"Likita? Ni ina na ga likita, 'yar nan? An dai taɓa min baki."

Gimbiya ta soke tambayar da biro, ta rubuta da hannunta: "Wa ya taɓa miki baki?" Ta koma gida-gida. Mutum ashirin da uku suka faɗi suna ɗaya: Baba Mai Awartaki, mai cire haƙori a rumfar bayan tasha.

Mahaifin Dogo.

"Shekara arba'in yana wannan sana'a," in ji Dogo. "Da awartakin nan ya tura ni makaranta! Yanzu ke za ki kai shi gaban hukuma?"

"Ban ce shi ya kashe kowa ba. Cewa na yi a duba."

"Cire rumfar kawai, masoyiyata... layi ɗaya ne. Wa zai sani?"

"Ni."

Ta juyo masa da takardar rahoton bincikenta, ta ɗora yatsa. "Karanta layi na goma sha bakwai. Mace, shekara sha huɗu. Ka gane ta?"

Ya kawar da kai.

"Auta ce. Ƙanwata! Kuma ni na riƙe hannunta na kai ta rumfar, don in burge surukina. Ban san zazzaɓin da ta yi tana ƙarama ya riga ya taɓa mata zuciya ba. Ka ce in goge Auta?"

"Idan takardar nan ta fita, Gimbiya, babu ni babu ke."

"To ai ta riga ta fita. Da safe na miƙa wa hukuma."

Ya ɗauki hularsa ya fice, ko ƙofa bai ja ba.

A gida Umma na ninke wanki ta ce, "Ke dai wannan bokon naki da taurin kai! Da kin bi a hankali..."

"Umma, a hankalin nan mutum shida muka binne."

Umma ta goge ido da gefen zani, ta ce, "Je ki ci abinci."

Kwana uku bayan haka, da hantsi, aka ƙwanƙwasa ofishinta. Tana ɗagowa ta ga Baba Mai Awartaki tsaye, da jakar fatarsa a hammata. Ta miƙe da sauri ta durƙusa.

"Baba, ina kwana..."

"Tashi, 'yata. An ce kin ce hannuna yana kai wa zuciya. Ni iyakata baki. Nuna min hanyar."

Ranar ce Auta ta zo a duba ta bayan aikin zuciyar da aka yi mata. Gimbiya ta roƙi likita ya bar tsohon ya shiga. Kafin a fara, likitan ya kunna hoton zuciyar Auta na farko, wanda aka ɗauka ranar da aka kawo ta ranga-ranga.

Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ga wani ɗan abu fari yana buɗewa yana rufewa, yana buɗewa yana rufewa, ba ya fashi. A bakinsa wani ɗan tsiro na reto kamar zare a iska.

"Wannan ƙofar a cikin yarinyar nan take?"

"A cikin kowa, Baba. Har kai. Sau dubu ɗari take buɗewa a kowace rana," in ji Gimbiya.

"Dubu ɗari! Ba mai, ba gyara?"

"Tun kafin a haife ka."

"Allahu akbar..." Ya cire hula ya shafa kai. "Wannan mai reton fa?"

"Ƙwayoyin cuta ne suka yi gida. A baki suke zama. Idan dasashi ya fashe sai su bi jini. Mai lafiyayyar zuciya sukan wuce shi. Wanda ƙyaurensa ke da tabo, nan suke sauka."

"Daga haƙori... har nan." Ya kalli tafin hannunsa kamar yau ya fara ganinsa. "Shekara arba'in ina buɗe musu hanya ban sani ba."

Auta ta ce, "Baba, zo ka ji agogona."

Ya kai kunne kusa da ƙirjinta. Ɗakin ya yi tsit. Ƙyauren ƙarfen da aka saka mata yana cewa ƙas... ƙas... ƙas. Hawaye ya bi gemun tsohon.

"'Yar albarka, ashe agogo aka dasa miki?"

"Ba ya latti ma!"

Ya yi dariya cikin kuka. Ya buɗe jakar, ya zaro awartakin da hannunsa ya goge har yana ƙyalli, ya ajiye a kan teburin likita.

"Ki bar layinki yadda yake, 'yata."

Tsohon ya yafe, ɗan ne bai yafe ba. Dogo ya ce duk unguwa na nuna mahaifinsa da baki, ga shi ya koma zaman banza a ƙofar gida, kuma ita ce sila. Sau bakwai ta kira shi bai ɗauka ba. A na takwas ta ajiye wayar da kanta, ta share fuska, ta ɗauki jakar tambayoyinta.

Bayan shekara guda, ɗigo biyu kacal ta ƙara a unguwar bayan tasha. Ta daɗe tsaye gaban taswirar tana kallon farin wurin da ya rage. Mutane ne a nan, suna ta harkarsu, ƙofofin zuciyarsu na buɗewa suna rufewa, ba su san ta ba.

A watan ne Dogo ya auri wata.

Auta ta same ta a ɗaki da rana tana kuka, ta rungume ta. Ta kwantar da kai a ƙirjin ƙanwarta. Ƙas... ƙas... ƙas.

"Yaya, kin yi da-na-sani?"

"A'a."

"To kukan me kike yi?"

"Ina sonsa, Auta. Har gobe ina sonsa. Layi ɗaya na ƙi gogewa, shi ya raba ni da mijin da zan aura. Kuma ko yau ya dawo ya ce in goge, ba zan goge ba."